Mamana, ga maganar cokula masu yatsun nan kafin ranar Asabar

Assalamu alaikum Mamana, ya sanyi ya karatu, ina fatan kina lafiya lau. Jiya bayan isha'i Ummanki ta kunna min saƙon muryar da kika turo mata muna zaune a tsakar gida, naji kina cewa an gayyace ku dina ta sashenku ranar Asabar amma kina tunanin kice baki da lafiya, saboda kinga hoton teburin bara, wai cokula masu yatsu har guda uku a gefe ɗaya ga wani kuma a saman faranti, kina tsoron kije ki kunyata gaban malamanki. To ni dai ban yarda ba, zuwa zakiyi insha Allah. Fiye da shekara 20 nayi ina jera irin wannan teburin a otal a Kaduna, da kuɗin jera cokulan nan aka saya miki littattafan firamare, to bazai yiwu ace 'yar weta guda tana gudun tebur ba. Ki zauna ki karanta a nutse.

Abu na farko, wanda ya jera teburin ya riga ya gama miki tunani. Masu yatsu suna hagun faranti, wuƙaƙe da cokalin shan miya suna dama, kuma abincin ba lokaci ɗaya ake kawo shi ba, kashi kashi yake zuwa, to duk kashin da aka kawo sai ki ɗauki cokalin da yafi nisa da faranti, in kin gama weta zai tafi dashi tare da farantin, na gaba ya zama shine a waje, haka haka har ki iso wanda ke jikin faranti. Daga waje zuwa ciki kenan. Ko sunan ɗaya baki sani ba in kin riƙe wannan kin tsira. Kuma a ƙa'ida ba'a jera fiye da uku a hagu, in abincin yafi haka sai a kawo sauran tare da nasu farantin.

Amma dai gara ki san fuskokinsu. Wanda yafi kowa girma da tsawo, mai yatsu huɗu, shine na babban abinci, nama ko kaza da dankali ko shinkafa, yawanci shi ke kusa da faranti kuma abokiyar tafiyarsa babbar wuƙar nan ce ta dama. Na salak ya ɗan fishi gajarta, in kin duba da kyau a wasu zakiga yatsan gefen hagu yafi sauran faɗi da kauri, anyi shi ne don ki danna ki yanka ganyen latas ko tumatir da gefen cokalin ba sai kin ɗauki wuƙa ba. In kinga ƙaramin nan a can waje to da salak ko wani ɗan abin buɗe baki za'a fara, in kuma kinganshi a ciki jikin faranti to salon Faransawa akayi, su sai bayan nama suke cin ganye, kada ki ɗauka weta ne yayi kuskure.

Na kifi shine ni kaina ya fi bani wahala lokacin da nake koyo, don a ido kusan ɗaya suke da na salak. Ki dubi dama, in kinga wata wuƙa mai faɗi marar kaifi kamar ɗan ƙaramin cebur mai tsini a baki, to ta kifi ce, kuma mai yatsun da ke daidai layinta a hagu shine mijinta, yana da ɗan faɗi kuma sau da yawa akwai ɗan lanƙwasa ko tsaga a gefensa. Wuƙar nan ba ta yanka bace, tura ta ake a hankali tsakanin tsoka da ƙaya a ɗaga tsokar. In ƙaya ta shiga bakinki kada ki rikice ki haɗiye, ki kare bakin da hannu ɗaya ki cire ki ajiye a gefen faranti, kowa haka yakeyi. Kinsan dalilin da yasa kifi ya samu nasa cokalin daban? A da ƙarfen wuƙaƙensu in ya haɗu da kifi da lemon tsami sai ya ɓata ɗanɗanon, shine masu hali suka koma yin na kifi da azurfa. Ƙarfen da baya tsatsa, wanda mu muke cewa silba, a garin da kike zaune ɗin nan Sheffield wani mai suna Harry Brearley ya haɗa shi a 1913, daga nan dalilin ya kau amma al'adar ta zauna.

Wanda kika gani kwance a saman faranti tare da cokali, na kayan zaƙi ne, kada ki taɓa shi sai ƙarshe. Mai yatsun mariƙinsa na kallon hagu, cokalin nasa na kallon dama, in lokaci yayi sai ki jawo kowanne zuwa ɓangarensa. In kek ne za'a iya kawo miki wani ɗan mitsitsi mai yatsu uku, shi da hannun dama ake riƙe shi dama can. Akwai kuma ɗaya tilo da ake ajiyewa a dama kusa da cokalin miya, siriri ƙarami mai yatsu uku, na kawa ne da irin su jatan lande, banajin zaki ganshi a dinar makaranta, haka ma mai yatsu biyu na dodon koɗi da Faransawa ke ci. Dogon nan mai manyan yatsu biyu da zaki iya gani kan tire na riƙe nama ne in ana yankawa, na zuba wa ne, baya zuwa baki.

To yanzu ga inda nafi so ki buɗe kunne. Turawan Ingila da na sauran Turai mai yatsu a hagu suke riƙe shi, wuƙa a dama, yatsun na kallon ƙasa ɗan'ali na danne bayansa, su yanka su kai baki da hagun nan ba tare da sun sauya ba. Ke kuma kinsan abin da aka tarbiyyantar dake akai, Manzon Allah SAW yace wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a akushi, ya ambaci sunan Allah, yaci da damansa, yaci abin da ke gabansa. Wannan ba abin da zaki ajiye a bakin ƙofa bane don an kunna kyandir a tebur. Kuma Allah da ikonsa akwai mafita a cikin al'adarsu su kansu, mutanen Amurka ba haka suke ci ba, su sai su riƙe mai yatsu a hagu su yanka loma ɗaya ko biyu, su ɗora wuƙar a gefen faranti na sama kaifinta na kallon ciki, su maido mai yatsun hannun dama yatsun na kallon sama sannan su kai baki. Haka zakiyi, ba wanda zai ce kin saɓa, iyaka suce salon Amurka kike ci. Nima haka nake nuna wa alhazan da suke raɗa min tambaya a kunne in nazo zuba musu ruwa. Sai dai kada ki yayyanka naman duka lokaci guda kamar za'a ba yaro, kuma kada ki dunƙule cokalin a tafin hannu kamar muciya. Shinkafa da taliya da salak ma basa neman wuƙa, da dama kawai zaki gama dasu. Bismillarki kuma a hankali, tsakaninki da Ubangijinki.

Cokalin da ya taɓa abinci baya komawa kan ƙyallen tebur, a faranti yake zama. In hutawa kikayi zaki sha ruwa ko kina magana, ki ajiye wuƙa da mai yatsu a buɗe kawunansu na fuskantar juna a tsakiyar faranti, in kin ƙoshi ki haɗe su wuri ɗaya a miƙe mariƙansu na kallonki kamar agogo ya buga shida da rabi, a Ingila haka akeyi. Mu wetoci da wannan muke gane wanda ya gama, in kin haɗe su alhali baki gama ba to farantinki zai tafi da namanki a kai. In cokali ya faɗi ƙasa kada ki sunkuya, ki kalli weta kice a kawo wani. Ɗan farantin burodi na hagunki shine naki, kofi kuma na dama, burodin da hannu ake gutsurarsa kamar dai a gida.

Wani dare bazan manta dashi ba, anyi liyafar wani kamfani, akwai wani matashi ɗan arewa da ganinsa sabon ɗauka ne, ya zauna tsakanin wasu turawa biyu, tunda aka fara har aka tashi yaron nan ruwa kawai yake kurɓa, duk farantin da na ajiye masa haka nake ɗauke shi, na sunkuya nace ranka ya daɗe ko abincin ne bai maka ba, sai yace min a hankali wlh yunwa yakeji amma bai san wanne zai ɗauka ba. Abin ya tsaya min a rai har na koma gida, don na tabbata a wurin aiki ya fi da yawansu ƙwaƙwalwa, kuma wanda ke gefensa na gani da idona da na salak yaci kifinsa ba wanda ko ya ɗaga kai. Su kansu turawan Ingilan da hannu da wuƙa kakanninsu suke ci, wani Thomas Coryat da yaje Italiya a 1608 ya dawo yana cin nama da mai yatsu dariya abokansa suka riƙa yi masa. Don haka in kin ɗauki wanda ba shi ba ki cigaba da cin abinki, in an zo kashi na gaba ya zama babu sai ki nemi wani, matambayi baya ɓata. In kin rasa ta cewa ki ɗan jinkirta ki saci kallon mai masaukin ku.

Abin da ya fi cokali muhimmanci shine abin da ke kan cokalin. Tun gobe ki rubuta musu cewa halal kike ci ko ki zaɓi kifi ko na ganye, don suna yawan barbaɗa soyayyen naman alade a salak, wasu miyoyin da giya ake dafa su, har kayan zaƙi ma akwai masu giya ko gelatin na alade, ki tambaya kai tsaye ba kunya a ciki. In weta yazo da kwalba kice a'a na gode, ruwa ko lemo, ba sai kin kife kofi ba.

Yau da daddare ki ɗauko duk cokulan da ke kicin ɗinku ki jera yadda na faɗa ki ɗauki hoto ki turo min ta WhatsApp in duba, sai ki gwada yanka da sauya hannun nan da ko dankali ne sau biyu uku har hannunki ya saba. Ummanki tace ki sa atamfar nan mai ruwan kuka da mayafinta, kuma ki ɗora rigar sanyi a sama don dare zakuyi. Ƙannenki duk suna gaishe ki. Allah ya miki albarka ya tsare min ke.

Babanki.