Godiya ga ma'aikatan gandun tsuntsaye na Dagona

Assalamu alaikum.

Ni malamin firamare ne a Gashuwa, kuma tun ina yaro nake da ciwon kallon tsuntsu. Abokai har tsiya suke yi mini, wai babba da ni ina bin agwagi. A hunturun bana na ɗauki 'ya'yana biyu muka nufi Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, ɓangaren gandun dajin Chad Basin. Gaskiya da fargaba na tafi.

Dalili kuwa, bara na kai yaran wani wurin shaƙatawa, ba sai na kama suna ba. Muka tarar da ƙofa a garƙame. Mai gadi ya ce oga ba ya nan, sai dai in a ba shi na goro. Na bayar, babu rasit, muka shiga muka tarar da kejin da babu komai ciki sai ledoji. Ƙaramar 'yata ta yi kuka har gida.

A Dagona wani dattijon ma'aikaci ne ya tarbe mu da sassafe, hazo ya rufe ko'ina, sanyi na ratsa ƙashi. Da ya ga yarinyar tana karkarwa, sai ya cire rawanin da ya naɗe wuyansa da shi ya yafa mata, ya ce, "Malam, ku bi ni a hankali, ban da hayaniya." Madubin hangen nesa ɗaya gare shi, igiyarsa ma ɗaurin tsumma ce, amma ya durƙusa ya saita wa kowane yaro da hannunsa.

Kirinjijiya garke guda suna ta fito, dinya na kiwo a gefe, zalɓe ya tsaya cik kamar an dasa shi. Baba ya nuna mana wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, ya ce baƙi ne daga Turai, sun ƙetaro Sahara suna gudun ƙanƙara, kafin zafi ya kankama za su koma. Ɗana ya tambaya ko suna da fasfo. Dariyar da dattijon ya ƙyaƙyata ta tashi zakaran ƙeƙuwa, ga shi shi ne mai hana surutu! Ya ba mu labarin zuwan Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, a 1989. Da za mu tafi na miƙa masa ɗan abin shan ruwa, ya ƙi karɓa, ya ce in saya wa yara littafin rubuta sunayen tsuntsaye. Baba, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da fadamar Haɗeja da Nguru, inda Dagona take, ta shiga. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika tafkunan nan ta ragu. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, jan-baki ya samu maɓoya yana cinye wa manoma shinkafa. Baƙi daga wata uwa duniya sun san darajar wurin, mu da ke maƙwabtaka kuwa yawancin ɗalibaina ko sunan Dagona ba su taɓa ji ba. In Allah ya kai mu Janairu mai zuwa, ajina gaba ɗaya zan kwaso. Baba, a shirya mana, mu arba'in ne, ga madubi ɗaya.

Naku,
Wani malami daga Gashuwa