Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Mai Wurno

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya.

Mu ne talakawanka da suka yi aiki a gidan gurzar auduga, wanda mutanen nan ke kira mahalaj, tare da iyalan 'yan'uwanmu da suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

Ranka ya daɗe, kakanninmu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga Jazira, babban filin noman ban-ruwa da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, su aka nema tsinkar auduga a hawasha, wato gonakin da aka yanka wa manoma. Mu muka gaji gurza da ɗaurin dila. Idan kaka ta yi, inji ba ya kwana. Mai shayi, mai agashe, mai amalanke, tsohuwa mai ƙosai, kowa a bakin ƙofar nan yake samun na cefane.

Bayan dokar Jazira ta 2005 noman auduga ya ja baya, aka ɓamɓare ƙaramin layin dogon da ke kai ta gurza, aka sallame mu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 a ƙasa ya tarar da mu, ba shi ya kayar da mu ba. Samarinmu sun watse ramukan zinari, wasu shekara biyu ba labari. An cire yara daga makaranta. Makanikin da ke gane ciwon inji da kunne, yau gawayi yake ƙullawa a leda.

Ba sadaka muka zo nema ba. Muna roƙon Sarki ya shige mana gaba wurin hukuma a biya sauran kuɗin sallamarmu, a fara da matan da mazansu suka rasu. A kuma ba mu fili a gaɓar kogi da injin ban-ruwa ko da guda biyu ne, mu shuka albasa da kuɓewa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali, mun ga masu sayen ƙarafa suna zagaya ginin. Idan aka yanka injinan nan aka auna su a kilo, ko auduga ta dawo babu inda za a gurje ta. Sarki ya sa baki tun motocinsu ba su iso ba.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga tsofaffin ma'aikatan gurza da iyalansu, Mai Wurno, jihar Sinnar.