Dutsen Shilenja na Polan da hakkin Kufena a kanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi bayanin wani dutse na ƙasar Polan, domin akwai abin da Zazzagawa za su ɗauka a ciki. Sunansa Shilenja, tsayinsa mita 718, yana kudu maso yamma da birnin Wroclaw, ya miƙe a tsakiyar fili ana hango shi daga nesa.

Ƙololuwarsa baƙin dutse ne mai nauyi da ake kira gabro. Asalinsa ɓawon ƙarƙashin wani tsohon teku ne na kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, motsin ƙasa ya turo shi sama. Taurinsa ya sa ruwa da iska suka cinye kewayensa suka bar shi tsaye. A gindinsa ta arewa maso yamma akwai giranit, dangin dutsen Kufena na Zariya, an kuma daɗe ana sassaƙa dutsen niƙa da wannan giranit.

Kafin zuwan Kiristanci ƙabilun Slav na tsafi a kansa. Bishop Thietmar na Merseburg ya rubuta a farkon ƙarni na 11 cewa mutanen yankin na girmama dutsen saboda wannan bautar. Har yau akwai ragowar katangun duwatsu a samansa, da gumakan giranit, ciki har da na budurwa riƙe da kifi, wasunsu da alamar X. A tatsuniyarsu, shaiɗanu da mala'iku ne suka yi jifa da duwatsu har tulin ya toshe ƙofar wuta. Yanzu coci ne a ƙololuwar, amma gumakan suna nan, kuma a 1988 aka mayar da yankin wurin da doka ta kare.

Kufena fa? Abu uku ke lalata irin wannan wuri. Nakiyar masu fasa dutse tana buɗe tsagar da ke cikinsa, damina ta shiga ta ƙarasa. Wutar da ake hurawa a kan falalen dutse tana ɓare fuskarsa, duk wata alamar da mutanen zamanin da suka bari sai ta goge. Tsohuwar ganuwar Kufena kuwa, da an ɗebi ƙasar gindinta don yin bulo, ruwa zai rushe sauran.

Adana tarihi ba bautar iskoki ba ne. Muna kira ga masarautar Zazzau da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa su auna ragowar ganuwar da na'urar GPS, a kafa turakun siminti a iyakarta, a hana nakiya a ciki, sannan a naɗi muryar dattawan da suka san labarin dutsen tun suna raye.

Wassalam.

Wasu masu nazarin duwatsu da tarihi,
Samaru, Zariya.