Ƙananan hukumomin Kebbi su gyara yadda suke kai kuka

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin shugabannin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, musamman na bakin kogi irin su Bagudo, Shanga da Yauri, kan yadda ake neman aiki daga sama.

Yawancin koke a aljihun tebur yake mutuwa, saboda an kai shi inda bai dace ba. Hanyar Tarayya ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce da hukumar gyaran hanyoyin Tarayya (FERMA), gyaran azuzuwan firamare na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne, agajin ambaliya kuma hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ake fara sanarwa kafin ta ƙasa (NEMA). Takarda ɗaya mai buƙatu goma sha biyar babu jami'in da zai ɗauke ta.

A zaɓi aiki biyu ko uku. Kansiloli su zartar da ƙuduri, hakimi ya sa hannu, injiniyan ƙaramar hukuma ya auna: kwalbati bututu nawa, tsawon mita nawa, ƙauyuka nawa ke yankewa daga kasuwa da asibiti in ruwa ya cika, kuɗi nawa zai ci. A haɗa da hotunan damina, domin na rani busasshen rafi kawai za su nuna.

Sai lokaci. Wanda ya kai takarda a Janairu ya makara, an riga an rufe kasafi. Ta isa ma'aikata tun Agusta, a karɓi kwafi mai hatimi, a ba ɗan majalisar mazaɓa nasa, don ya tayar da maganar ranar kare kasafi.

Na gode.

Mai karatu, daga Bagudo