Me za mu gaya wa yarinyar da ta tsani jikinta?

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali?

Mu ma'aikatan kantin magani ne. Abin da ya sa muka rubuto miki shi ne 'yan mata da amare da ke zuwa neman maganin ƙiba da man bilicin, musamman in biki ya matso.

Ƙwayar da ake kira "sha ka fashe" yawanci dexamethasone ce, wasu su haɗa da cyproheptadine don buɗe ciki. Ƙibar da take kawowa ba ta lafiya ba ce: fuska ta kumbura, tumbi ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta tsattsaga fata, ga hawan jini da ciwon suga. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne dainawa. Wadda ta wuce mako 3 tana sha, jikinta ya rage samar da nasa sinadarin da ƙwayar take kwaikwaya, in ta yanke lokaci guda jini na iya faɗuwa har ta suma. Dole likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.

Man bilicin kuma, mai clobetasol yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, makero ya bazu. Mai hydroquinone in an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge. Mai sinadarin mercury kuwa ƙoda yake taɓawa.

Duk wannan muna faɗa, amma ba ya shiga. Yarinya za ta saurara, ta ce ƙawayenta sun fi ta cika, ta tafi wani kantin.

A Jamus da Faransa akwai masu al'adar zama tsirara a keɓaɓɓun wurare, bakin teku ko kulob, tun wajen shekarun 1920. Hujjarsu ita ce wanda ya saba ganin jikin mutane na gaskiya, da tumbi da tabo da tsufa, yakan daina raina nasa. Addininmu da kunyarmu ba su yarda da bayyana al'aura ba, mu ma ba shi muke nema ba. Sai dai sun gano inda ciwon yake: 'ya'yanmu ba sa ganin komai sai jikin da aka gyara da filta a TikTok da Instagram.

To Hajiya, ta wace hanya za a nuna wa yarinya cewa jikinta daidai yake, cikin sutura da mutunci? Da wa ya kamata mu fara, uwa, ko mai gyaran jiki, ko angon da ya ce shi fara yake so? Kuma in yarinya 'yar shekara 16 ta roƙe mu kada iyayenta su ji, alhali ta yi wata biyu tana shan ƙwayar, mu rufa mata asiri ko mu kira mahaifiyarta?

Allah Ya ƙara basira.

Naki,
Wasu ma'aikatan kantin magani, Kano