Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Tsofaffin Sojojin Da Suka Fito Daga Gidan Yari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Ta hannun hakimai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu iyaye ne da mata da maƙwabtan wasu tsofaffin sojoji mazauna Zariya da Sabon Gari. A nan Daffo aka horar da su suna kurata, aka tura su yaƙi da Boko Haram a Borno da Yobe, suka dawo mana ta ƙofar gidan yari.

Duniya ta ji labarin sojoji 66 da kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a 2014 kan laifin bore, aka sassauta musu zuwa ɗaurin shekara 10 a Disambar 2015. Namu ba su shiga jarida ba. Wani barin bakin daga ya yi, wani an kama shi da ƙwaya, wani faɗa ne ya kai shi. Ba mu zo wanke su ba, sun gama zaman da shari'a ta yanke musu.

Allah ya taimaki Sarki, sojan da aka kora ba shi da fansho, kuma koyon sana'ar da ake yi wa sojoji masu shirin ritaya a Oshodi ta Legas ya wuce shi. Takarda ɗaya ce a hannunsa, ta kora. Duk inda ya je neman aiki, da an ji daga inda ya fito sai a ce ya dawo gobe. Mu da muke kwana gida ɗaya da su mun san sauran. Akwai wanda ba ya barci sai an yi asuba. Akwai wanda in salansar babur ta yi ƙara sai ya kwanta ƙasa a gaban 'ya'yansa. Wasu sun fara shan tramol ne a daji don su iya tsayuwa, yau ita ke riƙe da su. Matan nan su ke ciyar da gida da ƙosai da wankau.

Jama'a na cewa tsohon soja ai gadi ya dace da shi. Muna roƙon kada a bi wannan hanya. Mutumin da dare ke firgita shi, a ba shi gora a bar shi shi kaɗai har gari ya waye, an ƙara masa ciwo ne. Aikin rana suke bukata, cikin mutane, ƙarƙashin maigidan da ya san halin da suke ciki.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya kira sarakunan sana'a, maƙera da magina da kafintoci da masu gareji da shugabannin kasuwa, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu. Abin da suke tsoro shi ne wa zai tsaya wa mutum. In mai unguwa da limami suka tsaya masa da izinin fada, za su karɓa. Daga cikin tsofaffin sojojin akwai direbobi da kanikawa da suka koyi aikin tun a bariki.

Muna kuma roƙon fada ta sa baki a samar musu gurbi a shirin koyon sana'a na hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, da aron gona ga masu son noma. Sai magani, domin aiki ba zai ɗore ba in babu shi. A haɗa su da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika ko na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a sassauta musu kuɗin, iyayengidansu kuma su riƙa ba su ranar zuwa asibiti ba tare da an yanke musu lada ba. Wanda ya koma wa ƙwaya a mayar da shi wurin likita kafin a yi zancen sallama.

Sunayensu da sana'ar kowannensu suna hannunmu, da yardarsu. Mun shirya kawo su fada duk ranar da aka kira mu.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka,
Iyaye, mata da maƙwabtan tsofaffin sojojin.