Amsa ga Baban da ya tambaye ni: ina ragin yake?

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. A shirin lafiya na rediyo da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya daf da ƙarewar lokaci, ka yi tambayar da ban samu sukunin amsawa yadda ya kamata ba. Ka ce mu ma'aikatan lafiya kullum muna faɗin mutuwar jarirai ta ragu, alhali kai a shekara guda ka kai jikoki biyu makwanci tun kafin a raɗa musu suna. Ka tambaya ina ragin yake, kuma idan ajali ne, me ɗan Adam zai iya hanawa. Ina yi maka ta'aziyya, Allah ya sa masu ceto ne, ya ba iyayensu dangana. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Ragin gaskiya ne, Baba. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa gida-gida ya nuna cewa a 2003, cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 100 ba sa cika shekara guda. A 2008 adadin ya sauko zuwa 75, a 2018 ya zama 67, sannan binciken 2023 zuwa 2024 ya samu 63. Idan aka haɗa da yaran da ba su kai shekara biyar ba, an sauko daga 201 zuwa 110 a tsakanin waɗannan shekaru. Kai da ka girme ni ka ma fi ni sanin yadda abin yake a da. Kakata ta haihu goma sha ɗaya, huɗu ta raya, kuma a unguwarmu ba a ɗauke ta mai wabi ba, domin akwai waɗanda suka fi ta rashi. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe daga wannan baƙin ciki suka samo asali, lokacin da uwa ke nuna kamar ba ta damu da ɗanta ba don fargabar kada shi ma ya tafi. Baƙon dauro kan shiga gari da bazara ya bi gida-gida, agana kuwa sai a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya.

Abubuwan da suka kawo wannan sauyi sanannu ne: allurar rigakafi, gidan sauro mai magani, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina, da ruwan gishiri da sukari wanda ke mayar wa yaro mai gudawa ruwan jikinsa kafin maɗigarsa ta faɗa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da waɗannan ƙananan abubuwa za su iya idan sun isa ƙauye. Sun gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, a 2006 suka mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma mutuwar waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Amma zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba, domin akwai wurin da ragin ya kusa tsayawa cak, kuma nan jikokinka suka faɗa. Jariran da ke rasuwa a cikin kwana 28 na farko sun kasance 40 cikin 1,000 a 2008, 39 a 2018, 41 a binciken baya-bayan nan. Wato a yau kusan biyu cikin kowane jarirai uku da muke rasawa kafin su cika shekara, ba sa ma kaiwa ranar da uwarsu za ta gama wankan jego. Rigakafin ƙyanda da gidan sauro suna ceton yaron da ya fara zama da rarrafe, ba su da abin da za su yi wa wanda ya zo duniya bai yi kuka ba. Shi wannan, abubuwa uku ne suka fi ɗauke shi: haihuwa kafin lokaci, rashin numfashi bayan doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jininsa.

Na sha karɓar jariri a hannuna jikinsa saɓule, leɓɓansa sun yi duhu, 'yan rakiya har sun fara salati. A goge shi da busasshen zane, a murza bayansa, in bai motsa ba a ɗora masa wata 'yar jakar roba a hanci da baki ana matsawa tana hura masa iska, sai ka ji ya tsala kuka. Dole a fara wannan aiki cikin minti ɗaya da haihuwa, kuma wanda aka koya masa ne kaɗai zai iya. A binciken 2018, haihuwa 39 kacal cikin 100 aka yi a asibiti a faɗin ƙasar, a Arewa maso Yamma kuwa ko 20 ba su kai ba. Idan naƙuda ta wuni ta kwana a ɗaki ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, wannan minti ɗaya zai zo ya wuce babu kowa a wurin da ya san abin yi.

Cibiya ita ce ƙofa ta biyu. Tsohuwar reza, gashi da tsumma, toka ko man goge baki da ake shafawa don ta faɗi da wuri, duk hanyoyi ne da cuta ke bi. Jaririn da ya kama nono lafiya kwana biyu, sannan ya ƙi kamawa, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya sanƙare yana fizga, asibiti yake buƙata a daren nan, kuma cire belu a wurin wanzami ƙarin rauni ne a kansa. Akwai man chlorhexidine da ake shafa wa cibiya, kuɗinsa kaɗan ne, akwai kuma allurar da ake yi wa mai ciki a wurin awo wadda ke kare jariri daga tsinkau-tsinkau. Dakashin da wasu iyayenmu ke matsewa su zubar suna cewa ƙazanta ne, shi ne kariyar farko da Allah ya tanadar wa jariri. Bakwaini kuma sanyi ne babban abokin gabarsa. Tun 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya, saboda ƙarancin kwalabar renon bakwaini, suka fara ɗaura shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, kuma wannan dabara zane ɗaya kawai take buƙata.

Ba zan ɗora wa iyaye laifin duka ba, domin da na yi haka na zalunce su. Na yi aiki a asibitin ƙauyen da babu wuta babu ruwa, inda na karɓi haihuwa da fitilar waya, kuma na san akwai da yawa da ake kulle su da magariba saboda ma'aikaciya ɗaya ce tal. Matar da ta zo sau ɗaya ta tarar da ƙofa a garƙame, da wuya ta sake zuwa. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma dattawa irinku in kuka yi magana a gaban shugaban ƙaramar hukuma ana jin ku fiye da yadda ake jin mu.

Game da ajali, na yi imani kamar yadda ka yi cewa babu ran da zai wuce lokacinsa. Sai dai ka san lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce yana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ni da wannan fahimta nake shiga ɗakin haihuwa kowace rana.

Roƙona gare ka, Baba, shi ne ka tara 'ya'yanka maza tun matansu suna da ƙaramin ciki, kowa ya faɗi a gabanka cewa ya ba da izinin tafiya asibiti ko yana nan ko ba ya nan, a ware kuɗin mota, a san direban da za a tasa ko da tsakar dare ne. Idan kuma iyayen jikokin nan biyu za su yarda, ina so su zo mu zauna in ji yadda cikin da naƙudar suka kasance, domin mu san abin da za mu sa wa ido a ciki na gaba.

Wassalam,
'Yarka, ma'aikaciyar jinya da karɓar haihuwa.